Ƙungiyoyin Yahudawan Amurka da yaƙi da ƙyama da wariya

Tun farkon ƙarni na 20 Yahudawan Amurka suka kafa ƙungiyoyin da aikinsu shi ne tunkarar ƙin jinin Yahudawa ta hanyar kotu da majalisa da jarida da makaranta. Uku ne suka fi yin fice: American Jewish Committee, wadda ake taƙaita sunanta AJC, an kafa ta a 1906, Anti-Defamation League, wato ADL, a 1913, sai American Jewish Congress a 1918. Yahudawa kimanin kashi 2 ne cikin 100 na al'ummar Amurka a yau. Jama'ar da ba ta fi haka ba ba ta da ƙuri'un da za su sa a yi mata dokar kanta ita kaɗai, don haka dabarar da ƙungiyoyin suka tsaya a kai ita ce neman dokar da za ta hana nuna wa kowa bambanci saboda addininsa ko launinsa ko asalinsa. Wannan lissafi, haɗe da koyarwar addininsu kan adalci, shi ya kai su cikin gwagwarmayar baƙaƙen fata, daga baya kuma cikin shari'o'in Musulmi.

Asali

AJC ta samo asali ne daga kashe-kashen da aka yi wa Yahudawa a daular Rasha, musamman na garin Kishinev a 1903 inda aka kashe mutum 49. ADL kuwa wani lauya mai suna Sigmund Livingston ne ya fara ta a Chicago a ƙarƙashin ƙungiyar zumuncin Yahudawa ta B'nai B'rith, da dala 200 da tebur biyu. Takardar kafa ta ta ɗora mata aiki biyu tare: tsayar da ɓata sunan Yahudawa, da nemo wa kowane ɗan ƙasa adalci.

Shekarar da aka kafa ta ita ce shekarar shari'ar Leo Frank, Bayahude manajan wata masana'antar fensir a Atlanta, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a watan Agustan 1913 bisa zargin kashe wata yarinya 'yar shekara 13 mai aiki a masana'antar. An yi shari'ar cikin hayaniyar taron jama'a da zugar jaridu. Gwamnan jihar Georgia, John Slaton, ya duba hujjojin bai gamsu ba, ya mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai a watan Yunin 1915. Bayan wata biyu wasu mutane suka fito da Frank daga kurkuku, suka rataye shi a bishiya kusa da garin Marietta ranar 17 ga Agusta. Ba a hukunta ko mutum ɗaya ba. A watan Nuwamban wannan shekara aka farfaɗo da Ku Klux Klan, ƙungiyar masu aƙidar fifita farar fata, a jihar. Sai a 1986 hukumar afuwa ta Georgia ta yi wa Frank afuwa, bisa dalilin cewa jiha ta kasa kare ransa.

Darasin jaridar Ford

A 1920 jaridar Dearborn Independent, mallakin attajirin motoci Henry Ford, ta fara buga jerin maƙaloli masu cewa Yahudawa na ƙulla makircin mallake duniya. Madogararta wani littafi ne na jabu da ake kira Protocols of the Elders of Zion, wanda ya fara fitowa a Rasha a 1903. Jaridar Times ta Landan ta tona asirinsa a 1921, ta nuna cewa an kwafo sassansa daga wani tsohon littafin Faransanci na zambon siyasa wanda ko ambaton Yahudawa bai yi ba.

Matsalar ita ce a tsarin shari'ar Amurka da wuya al'umma guda ta yi nasara a ƙarar ɓata suna; mutumin da aka ambaci sunansa ne ke da bakin magana. Damar ta samu da jaridar ta kama sunan Aaron Sapiro, Bayahude, lauyan da ke shirya ƙungiyoyin gama kai na manoma. Ya nemi diyyar dala miliyan ɗaya. Shari'ar ta rushe a tsakiya a 1927, kuma kafin a sake ta Ford ya sa hannu a takardar neman gafara wadda shugaban AJC, Louis Marshall, ya rubuta, ya rufe jaridar a ƙarshen shekarar. Nasarar tana da giɓi babba: sulhun ya hana kotu yanke hukunci kan ƙaryar kanta, kuma an riga an fassara maƙalolin zuwa Jamusanci da wasu harsuna, suka ci gaba da yawo. Ruwan da ya zube bai kwasu ba.

Kayan aikin

Na farko shi ne tara hujja. Wariya a otal ko wurin ɗaukar aiki ba a faɗar ta da baki, don haka aka ƙirƙiro gwajin wasiƙa biyu: a rubuta wasiƙu iri ɗaya sak, a aika su rana ɗaya, sunan mai aikawa kaɗai ya bambanta. A wani gwaji da aka wallafa a Kanada a 1948, an rubuta wa wuraren shaƙatawa kusan 100 a lardin Ontario. Kashi 93 cikin 100 sun ba mai suna Lockwood ɗaki, kashi 36 kacal suka ba mai suna Greenberg. Gwajin yakan lalace idan wasiƙun suka bambanta a wani abu ko da ƙarami, kamar ranakun da ake nema, domin nan take wanda ake zargi zai fake da shi.

Na biyu shi ne takardar abokin kotu. Ƙungiyar da ba ta cikin masu ƙara takan shigar da rubutaccen bayani don kawo wa alƙalai abin da lauyoyin ɓangarorin ba su kawo ba: tarihi, alƙaluma, ko yadda hukuncin zai shafi wasu mutane. A Kotun Ƙolin Amurka ana shigar da ita cikin kwana 7 bayan ɓangaren da ake mara wa baya ya shigar da tasa, kuma dole a bayyana wanda ya rubuta da wanda ya biya kuɗin. Takardar da ta maimaita maganar lauyoyi kawai ba ta da amfani. Ƙungiyoyin Yahudawa sun yi amfani da wannan hanya a shari'ar Shelley da Kraemer ta 1948, wadda ta hana kotuna tilasta yarjejeniyar hana sayar wa baƙaƙen fata gida a wasu unguwanni, irin yarjejeniyar da sau da yawa ke haɗawa da Yahudawa. Hukuncin bai haramta rubuta yarjejeniyar ba, sai dokar gidaje ta 1968 ta toshe wannan ƙofa. Sun sake shiga a shari'ar Brown ta 1954, wadda ta rushe raba makarantun gwamnati bisa launin fata.

Na uku shi ne samfurin doka: a rubuta daftari guda, a gwada shi da tsarin mulki, a kai wa majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya. Mafi tasiri shi ne samfurin dokar laifukan ƙiyayya da ADL ta fitar a 1981, wanda yawancin jihohi suka bi ko suka yi makamancinsa. Ƙa'idarsa ita ce ba a hukunta mutum don abin da ke zuciyarsa ko don maganarsa. Dole ne da farko a sami laifin da doka ta riga ta sani, kamar duka ko ƙone-ƙone ko ɓarnata dukiya. Sannan mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa an zaɓi wanda aka cuta ne da gangan saboda launinsa ko addininsa ko asalinsa, ta hanyar kalmomin da aka furta lokacin laifin, ko alamar da aka zana a bango, ko saƙonnin waya. Idan hakan ta tabbata sai a ƙara hukuncin. Kotun Ƙoli ta amince da wannan tsari baki ɗaya a shari'ar Wisconsin da Mitchell ta 1993, inda iyakar ɗauri ta tashi daga shekara 2 zuwa 7, aka ɗaure mai laifin shekara 4. A wannan shari'a mai laifin baƙar fata ne, yaron da aka doka kuma farar fata, abin da ke nuna cewa dokar ba ta wani ɓangare ba ce. Shekara guda kafin nan kotun ta soke dokar birnin St. Paul, domin ita alamar ƙiyayyar kanta ta hukunta. Tun daga hukuncin Apprendi na 2000, masu taimaka wa alƙali ne za su tabbatar da niyyar ƙiyayyar ba tare da kokwanto ba kafin a haura iyakar ɗaurin da doka ta sa, kuma wannan ne ya sa masu gabatar da ƙara da yawa kan tsaya a laifin farko su bar na biyun.

A fagen gwagwarmayar baƙaƙen fata

Alaƙar ta girmi waɗannan dokoki. Henry Moskowitz, Bayahude, na cikin waɗanda suka kafa NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, a 1909, kuma 'yan'uwa biyu Yahudawa, Joel da Arthur Spingarn, sun shugabance ta ɗaya bayan ɗaya daga 1930. Julius Rosenwald, Bayahude shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Booker T. Washington, jagoran ilimin baƙaƙen fata, asusunsa ya taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 na 'ya'yan baƙaƙen fata a jihohin Kudu 15 kafin 1932. Sharaɗinsa shi ne ba ya biyan kuɗin duka: mutanen gari su kawo kuɗi ko fili ko ƙwadago, hukumar ilimi ta ɗauki nauyin tafiyar da makarantar.

Yahudawan da ke zaune a Kudu ba duka ne suka yi murna da wannan ba. 'Yan tsiraru ne, galibi masu shaguna, kuma su ne ke kwana kusa da masu bama-bamai. Wasunsu sun roƙi ƙungiyoyin New York su sassauta murya. Tsoron nasu ba na banza ba ne: a 1958 an tayar da bam a wuraren Yahudawa a Miami da Nashville da Jacksonville, sannan ranar 12 ga Oktoba a babban wurin ibadarsu na Atlanta, wanda malaminsa Jacob Rothschild ya yi suna wajen wa'azin adawa da wariya.

Ranar 28 ga Agustan 1963, malamin Yahudawa Joachim Prinz, wanda ya baro Jamus ta Hitler, ya yi jawabi a gangamin Washington jim kaɗan kafin Martin Luther King, ya ce abin da ya koya a Berlin shi ne shirun mutanen kirki ya fi ƙiyayyar kanta muni. Ranar 21 ga Yunin 1964 'yan Klan suka kashe matasa uku masu aikin rajistar baƙaƙen fata don zaɓe a Mississippi: James Chaney, baƙar fata, da Andrew Goodman da Michael Schwerner, Yahudawa daga New York. Bayan kwana 44 aka gano gawarwakinsu a cikin wata madatsar ruwa da aka gina da ƙasa. Sai a 2005 kotun jihar ta ɗaure Edgar Ray Killen kan kisan. A watan Maris na 1965 malami Abraham Joshua Heschel ya yi tattaki a sahun gaba tare da King daga Selma.

Shari'o'in Musulmi

Dokar da ke kare hular Bayahude da abincinsa da ranar Asabar ɗinsa ita ce ke kare hijabi da gemu da sallar Juma'a. Shi ya sa ƙungiyoyin Yahudawa suka shigar da takardun goyon baya a shari'o'i biyu na 2015: ta wani fursuna Musulmi a Arkansas da aka hana barin gemu mai tsawon rabin inci, da ta wata budurwa da kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch ya ƙi ɗauka aiki saboda ɗankwalinta. Duka biyun sun yi nasara a Kotun Ƙoli. A 2010 ADL ta kafa haɗakar addinai don mara wa masallatan da ake hana su izinin gini, ciki har da na Murfreesboro a jihar Tennessee. A 2017 HIAS, ƙungiyar Yahudawa mai taimakon 'yan gudun hijira, ta shiga cikin masu ƙarar dokar hana 'yan wasu ƙasashen Musulmi shiga Amurka. Wanda ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa na Tree of Life a Pittsburgh ranar 27 ga Oktoban 2018 ya ambaci HIAS a saƙonsa na intanet kafin harin. Musulmin Amurka sun tara wa iyalan mamatan sama da dala 200,000, kuma da aka kai hari masallatan Christchurch a 2019 Yahudawan Pittsburgh suka rama alherin da nasu gudummawar.

Inda aka samu tangarɗa

Ƙawancen da baƙaƙen fata ya tsage a yajin aikin malaman makaranta na New York a 1968, inda ƙungiyar malamai mai Yahudawa da yawa ta yi karo da baƙaƙen fata kan ikon tafiyar da makarantun unguwanninsu, ya ƙara tsagewa a shari'ar Bakke ta 1978. Manyan ƙungiyoyin uku sun yi adawa da ware ƙayyadaddun gurabe a jami'a bisa launin fata, domin a tarihinsu kaso shi ne makamin da jami'o'i irin su Harvard suka yi ta neman rage su da shi tun 1922. Ga baƙaƙen fata kuwa wannan tsari ƙofa ce da aka daɗe da rufe musu.

ADL ta yi nata kurakuran. A 1993 'yan sandan San Francisco suka gano cewa wani mai yi mata bincike ya tara bayanan dubban mutane da ɗaruruwan ƙungiyoyi, ciki har da na Larabawan Amurka da masu adawa da wariyar Afirka ta Kudu, abin da ya jawo ƙararraki da sulhu. A 2010 ta yi adawa da wurin da aka zaɓa don gina cibiyar Musulunci kusa da inda aka kai harin 11 ga Satumba, matsayin da ya saɓa wa ƙa'idarta. Shugabanta Jonathan Greenblatt ya nemi gafara a fili a 2021.

Ƙidaya ma tana da rauni. Dokar 1990 ta ɗora wa gwamnatin tarayya tara alƙaluman laifukan ƙiyayya, amma ofisoshin 'yan sanda ba dole ne su aika rahoto ba, kuma mafi yawan masu aikawa sifili suke rubutawa. ADL tana tata ƙidayar tun 1979, a kashi uku: tsangwama, ɓarnata dukiya, da duka. Ta ƙirga 3,697 a 2022, sai 8,873 a 2023. Wani ɓangare na wannan tashi ya zo ne daga sauya ma'auni bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, inda ta fara lissafa wasu taken adawa da aƙidar Sahayoniyanci a zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa. Hare-haren sun ƙaru da gaske, amma adadin da aka sauya ma'auninsa ba ya kwatantuwa kai tsaye da na shekarar da ta gabace shi.

Tushen wannan rikici shi ne inda za a ja layi tsakanin sukar ƙasar Isra'ila da ƙin jinin Yahudawa. Ma'anar ƙin jinin Yahudawa da IHRA, ƙawancen ƙasashe na tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, ya amince da ita a Bucharest a watan Mayun 2016 tana da misalai 11, bakwai daga ciki sun shafi Isra'ila, ko da yake ta ce sukar Isra'ila irin wadda ake yi wa kowace ƙasa ba ƙin jini ba ce. AJC da ADL na goyon bayanta. Kenneth Stern, wanda ya jagoranci rubuta daftarinta na farko yana ma'aikacin AJC, ya ce an yi ta ne don masu tara alƙaluma, kuma yana adawa da mayar da ita dokar taƙaita magana a jami'o'i. A watan Maris na 2021 masana sama da 200, da yawansu Yahudawa, suka sa hannu a Sanarwar Urushalima, wadda ta ce ƙaurace wa kayan Isra'ila ko adawa da Sahayoniyanci ba su ne ƙin jinin Yahudawa a kan kansu ba, amma ɗora wa kowane Bayahude alhakin abin da gwamnatin Isra'ila ta aikata ƙin jini ne.