Nauyin tukunya ba shi ne saurin zafinta ba

An daɗe ana cewa baƙin ƙarfe mai nauyi ya fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar zafi. Ba haka ba ne. Ana haɗa abu biyu ne daban: riƙe zafi da kuma isar da shi.

Kaskon baƙin ƙarfe yana riƙe zafi saboda kauri da nauyinsa, shi ya sa mai ƙosai take son sa, ko ta zuba ƙullu mai sanyi man ba ya saurin hucewa. Amma wajen yaɗa zafi, nawa gare shi. Ki ɗora shi a kan ƙaramar wuta ki duba: tsakiya na ƙona abinci, gefe kuwa ko ɗumi bai gama yi ba.

A ma'aunin masana kimiyya na saurin isar da zafi, azurfa ce kan gaba da kusan 430, jan ƙarfe na biye da ita da kusan 400, alminiyam kusan 235. Baƙin ƙarfe zalla bai wuce 80 ba, ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa kusan 15 kawai. Sirrin yana cikin ƙwayoyin lantarki masu yawo a jikin ƙarfen, su ne ke kwasar zafi daga nan zuwa can. Idan aka gauraya ƙarfe da wasu sinadarai, sai hanyarsu ta cushe.

Shi ya sa masu ƙera tukwanen zamani ke liƙa faifan alminiyam ko jan ƙarfe a gindinsu. Idan za ki saya, juya tukunyar ki duba gindin, kada nauyi kaɗai ya ruɗe ki.