MF DOOM

MF DOOM, wanda sunansa na ainihi Daniel Dumile, mawaƙin gambarar zamani ne da ya yi fice a hip-hop na bayan fage, wato ɓangaren mawaƙan da ba sa hannun manyan kamfanoni, kuma gidajen rediyo ba su cika sa waƙoƙinsu ba. An haife shi a Landan a 1971, mahaifiyarsa 'yar Tirinidad ce, mahaifinsa ɗan Zimbabuwe. Tun yana ƙarami aka kai shi Amurka, ya tashi a Long Island da ke jihar New York.

A 1988 suka kafa ƙungiyar KMD shi da ƙaninsa DJ Subroc, lokacin yana amsa sunan Zev Love X. Kamfanin Elektra ya ɗauke su, ya fitar musu da albam ɗin Mr. Hood a 1991. Sai masifa biyu suka auka masa a jere, ɗaya a 1993, ɗaya a 1994. Mota ta kaɗe Subroc yana tsallaka babban titi, ya rasu. Bayan haka Elektra ya ƙi sakin albam ɗinsu na biyu, Black Bastards, saboda zanen da ke bangonsa, ya kuma sallami ƙungiyar. Dumile ya ɓace daga idon jama'a na shekaru, har ya kusa rasa wurin kwana a Manhattan.

Wajen 1997 ya sake ɓullowa a dandalin Nuyorican Poets Café, yana waƙa da safar mata a fuskarsa. Daga nan aka samu abin da aka san shi da shi har ya koma ga Mahaliccinsa: fuskar ƙarfe, da sunan da ya aro daga Doctor Doom, mugun nan na littattafan zane na Marvel. Dalilinsa shi ne a saurari kalma a daina kallon mai faɗinta. Wanda kasuwar waƙa ta taɓa watsarwa ne kawai zai riƙe wannan ra'ayi da irin wannan taurin kai. Ƙaramin kamfanin Fondle 'Em ya fitar da Operation: Doomsday a 1999.

Ganiyarsa ta zo tsakanin 2003 da 2005, inda ya yi ta sauya suna, yau King Geedorah, gobe Viktor Vaughn. Gwanintarsa ta fi fitowa a Madvillainy na 2004, wanda suka yi da makaɗi Madlib a kamfanin Stones Throw. Waƙoƙin gajeru ne, yawancinsu ba su da amshi. Amsa-amon ciki yake jerawa, gaɓa kan gaɓa a tsakiyar layi ɗaya, da murya a dishe kamar mai hira a zaure, sai mutum ya maimaita saurare sau uku kafin ya kama wasan kalmar. A shekarar kuma ya fitar da Mm..Food.

Ya sha suka kan tura wasu su sa fuskar ƙarfen su hau dandali a madadinsa, kuma waɗanda suka sayi tikiti suna da hujjar jin haushi.

A 2010, bayan rangadin wasanni a Turai, hukumomin Amurka suka hana shi shiga, domin bai taɓa karɓar takardar zama ɗan ƙasa ba. Ya zauna a Ingila. Ya rasu a birnin Leeds ranar 31 ga Oktoba 2020 yana da shekara 49, iyalinsa ba su sanar ba sai 31 ga Disamba.