Waiwaye: Yadda aka faro cusa rarar mintuna cikin jadawalin jirgin ƙasa

Fasinjan da jirginsa ya kwana biyu a hanya, sannan ya shiga tashar ƙarshe rabin sa'a kafin lokacin da aka rubuta, yakan ɗauka direba ne ya taka wuta. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, domin kowane yanki na layin dogo yana da iyakar gudun da aka ƙayyade masa. Abin da ya faru shi ne an tanadar wa jirgin rarar lokaci a cikin jadawali, kuma ranar bai buƙace ta ba.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, kowane gari a Ingila yana saita agogonsa da rana, har Bristol tana bayan Landan da kimanin minti 10. A shekarar 1840 kamfanin Great Western Railway ya ɗora tashoshinsa bisa lokacin Landan, doka ta tabbatar da lokaci ɗaya ga Birtaniya a 1880, kamfanonin jiragen Amurka kuma suka raba ƙasarsu shiyya-shiyya a 1883. Sai da aka yi haka maganar makara ko riga lokaci ta zama abin da ake iya aunawa.

Masu tsara jadawali sun gane cewa idan aka rubuta mafi ƙarancin lokacin da tafiya za ta ci, jirgi zai riƙa makara kusan kullum, saboda gyaran layi, da jiran sigina, da cunkoson masu hawa da sauka. Don haka suke ƙara 'yan mintuna a kan kowane zango. Wannan dabara ce mai ma'ana, sai dai wurin da ake tara mintunan ya sauya bayan da aka fara hukunta kamfanoni kan makara. A 1992 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta fito da yarjejeniyar biyan fasinjoji diyya, daga baya kuma aka riƙa lissafa jirgin dogon zango a matsayin wanda ya cika alkawari matuƙar bai wuce minti 10 ba a tashar ƙarshe. Tunda a ƙarshe ake awo, can aka fi jibge rarar, ta yadda 'yar tazarar da ke tsakanin tashoshi biyu na ƙarshe takan sami lokaci fiye da yadda take samu idan jirgin ya juya a kan hanyar.

A Amurka lamarin ya fi fitowa fili. Kamfanin jiragen fasinja na Amtrak, wanda ya fara aiki a 1971, yana bin layukan da galibinsu mallakar kamfanonin jigilar kaya ne, kuma duk da dokar 1973 da ta fifita jirgin fasinja, yakan tsaya a gefe yana jiran dogon jirgin kaya ya wuce. Jirgin California Zephyr, mai tashi daga Chicago zuwa Emeryville da ke jihar California, tafiyar kusan kilomita 3,900 cikin sa'o'i fiye da 50, dole a yi masa tanadin irin wannan jira. Ranar da hanya ta yi kyau, duk tanadin sai ya zama riba. A tashoshin tsakiya jirgin zai zauna har lokacin tashinsa ya cika, domin ba a barin mai tikiti a baya, amma a tashoshin da aka ware don sauke fasinja kawai, yana iya wucewa da zarar mutane sun sauka.

Masu sukar tsarin suna ganin kwalliya ce ake yi wa alƙaluma, kuma suna da hujja, tunda wanda ya sauka a tsakiyar hanya a makare bai amfana da mintunan da aka ɓoye a ƙarshe ba. A 2020 hukumar kula da layin dogo ta Amurka ta sauya ma'aunin, inda yanzu ake duba kowane fasinja a tashar da ya sauka, ana buƙatar kashi 80 cikin ɗari su isa ba tare da makarar da ta wuce minti 15 ba.