Tsanin sauti a kiɗan jita

Tsanin sauti, wanda makaɗan zamani a Nijar suka fi sani da suna gam, jerin sautuka ne da aka tsara daga mai kauri zuwa siriri bisa tazarar da ba ta canzawa. Sunayen da ake koyar da shi da su, wato do, re, mi, fa, sol, la, si, sun samo asali ne daga aikin Guido na Arezzo, wani malamin coci na ƙasar Italiya da ya rayu a ƙarni na 11.

Jita ta yau da kullum tana da tsirkiya shida, waɗanda ake ɗaure su a kan mi, la, re, sol, si, mi, daga mai kauri zuwa siririya. An gitta siraran ƙarafa a wuyanta, kuma filin da ke tsakanin ƙarfe biyu shi ne gida. Gida 12 ke kai makaɗi ga sautin da ya fara da shi, sai dai ya fi sirancewa, domin a nan ne tsirkiya ta rabu biyu daidai. Babban tsani mai sauti bakwai yana tafiya ne da tazarar gida 2, 2, 1, 2, 2, 2, 1, ko daga wane sauti aka tashi.

Wanda ya fi muhimmanci ga makaɗin Damagaram shi ne tsani mai sauti biyar, saboda a kansa ne waƙoƙi masu yawa na Hausa da na Abzinawa da na Zabarmawa suke gudana, kuma shi ake ji a kiɗan marigayi Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, da na Bombino na Agadas. Idan aka tashi daga la, sautukansa su ne la, do, re, mi, sol. Mai koyo yakan ɗora manuniya a gida na 5 na tsirkiya mai kauri, ya danna gida na 8 da ƙaramin yatsa, sannan ya bi tsirkiya uku na tsakiya da gida na 5 da na 7, ya ƙare da na 5 da na 8 a sirara biyu. Yaron da ya tashi a unguwar Birni ko ta Zango a Damagaram yana jin gurmi da goge tun yana goye ba baƙo ba ne ga wannan zubi. Abin da ya rage masa shi ne ya san inda kowane sauti yake a ƙarƙashin yatsunsa.

A nan ne babban amfanin tsani yake. Fasalin da hannu ya riƙe ba ya canzawa idan aka matsa da shi sama ko ƙasa, don haka idan mawaƙiya a wurin biki ta ce kiɗan ya yi mata ƙasa, makaɗin da ya san tsani zai matsa gida biyu kawai, daga la zuwa si, ya ci gaba ba tare da an tsai da rawa ba. Wanda kuwa ya haddace waƙa ɗaya ɗaya ta hanyar kallon yatsun wani, da zarar an sauya masa mafari sai ya shiga lalube. Haka nan wajen ƙirƙirar kiɗa nan take, lokacin da mawaƙi ya yi shiru ya bar wa jita fili, tsani ne ke nuna sautukan da za su zauna da amshi da waɗanda za su yi karo da shi.

Haɗin sautuka da ake bugawa lokaci guda ma daga tsani yake fitowa: an ɗauki na farko da na uku da na biyar, shi ya sa do da mi da sol suke tafiya tare. Maimaita tsani a hankali yana ƙarfafa ƙaramin yatsa, wanda masu koyo suka saba kauce masa, yana kuma horar da kunne har ya riƙa gane tsirkiyar da ta saki, abin da ke yawan faruwa a lokacin hunturu da na bazara, sa'ad da bushewa da zafi ke taɓa katako da ƙarfe.

Duk da haka tsani yana da iyaka. Goge da gurmi ba su da ƙarafa a wuya, saboda haka makaɗansu suna iya taɓa sautukan da ke tsakanin gida da gida, kamar yadda muryar mawaƙi take yi tana bin hawa da saukar harshen Hausa. Mai jita yana kusantar waɗannan ne ta tura tsirkiya gefe har sautin ya ɗan ɗaga, ko ta zame yatsa daga gida zuwa gida, kuma wannan ba a samun sa sai da sauraron makaɗan gargajiya da yin kiɗa tare da masu ganga da kalangu.