Dabarun ƙungiya da hamayya a zangunan tsauni na tseren keke

Zangon tsauni shi ne yinin da ake bi da 'yan tseren keke ta kan manyan duwatsu, a irin gasar da ake shafe kwanaki ana yi. Manyan gasannin guda uku ne: Tour de France da aka fara a 1903, da Giro d'Italia ta 1909, da Vuelta a España ta 1935. Kowacce mako uku take ɗauka, galibi zango 21, kuma wanda jimillar lokacinsa ta fi ƙanƙanta shi ke lashe ta. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ayari kan iso a dunƙule, a rubuta wa kowa lokaci ɗaya. A kan tsauni ne yake tarwatsewa, a samu tazarar mintuna. Kowace ƙungiya mutum takwas take sakawa tun 2018, kafin nan tara ne, amma sunan mutum ɗaya kaɗai ake rubutawa a matsayin zakara. Dabarun wasan da yawancin rigingimunsa daga nan suka samo tushe.

Rabon aiki

Babban abin da ke cin ƙarfin mai keke a fili shi ne iska. Wanda ya maƙale a bayan tayar wani yakan rage kusan sulusin wahalarsa. A hawa mai tsananin tsayi gudu yana raguwa, nauyin jiki ya zama abin lissafi, amfanin fakewa ya ragu, ko da yake ba ya gushewa gaba ɗaya.

Kowace ƙungiya tana da madugu, sauran kuma hadimai ne. Hadimi shi ke tare wa madugu iska, ya koma motar ƙungiya ya ɗebo gorunan ruwa, ya miƙa tayarsa ko kekensa dungurungum idan na madugu ya yi faci. Masu ƙarfin jiki su ke jan ayari a kwari, marasa nauyi kuma a ajiye su sai hawan ƙarshe. Akan tura mutum ɗaya ko biyu cikin waɗanda suka ɓalle tun da safe, su yi gaba su jira, domin idan madugu ya kai hari daga nesa ya tarar da mai ja masa. 'Yan gudun ƙarshe, waɗanda tsauni ba nasu ba ne, sukan haɗu a baya ba tare da la'akari da ƙungiya ba, su tafi tare don kada su wuce wa'adin da ake korar mutum daga gasa.

Asali

Henri Desgrange, editan jaridar L'Auto wanda ya kafa Tour, bai so taimakon juna ba sam. A ganinsa kowa tasa ta fisshe shi. Ya saka tsaunin Ballon d'Alsace a 1905, sannan tsaunukan Pyrenees a 1910, inda zangon Luchon zuwa Bayonne mai kilomita 326 ya bi ta Peyresourde da Aspin da Tourmalet da Aubisque a kan hanyoyin burji. An ruwaito cewa Octave Lapize, wanda ya ci zangon da gasar, ya kira masu shirya ta makasa a kan Aubisque. Galibier, a tsaunukan Alps, ya shigo a 1911. A wannan shekarar ce aka kori Maurice Brocco bisa zargin yana sayar da ƙarfinsa ga wani ɗan tsere.

Dokar haramta taimakon juna ba ta hana kamfanonin keke yin abin da suke so ba. A 1929 Maurice De Waele na Beljiyam ya kamu da rashin lafiya yana sanye da rigar jagora mai ruwan ɗorawa, abokansa na ƙungiyar Alcyon suka kewaye shi suka lallaɓa shi har Paris. Desgrange ya fusata, ya soke ƙungiyoyin kamfanoni a 1930 ya kawo na ƙasashe, tsarin da ya ɗore har 1961, aka kuma sake gwada shi a 1967 da 1968. Da haka aikin hadimi ya zama halal a fili.

Labarin da ya kafa martabar hadimi shi ne na René Vietto a Tour ta 1934. Yana ɗan shekara 20, gwanin hawa ne, ya ci zango huɗu a gasar. A gangaren Puymorens madugunsa Antonin Magne ya lalata tayarsa ta gaba, Vietto ya cire tasa ya ba shi, ya zauna a kan katanga yana jiran mota. Hoton da aka ɗauka yana kuka ya bazu a Faransa. Washegari a Portet d'Aspet ya juyo ya koma baya ya ba Magne kekensa. Magne ya ci gasar, Vietto ya zo na biyar da kambun gwanin tsauni. Marubutan baya sun nuna cewa jaridu sun ƙara wa labarin gishiri.

Coppi da Bartali

A Giro ta 1940 Fausto Coppi ya shiga a matsayin hadimin Gino Bartali a ƙungiyar Legnano. Bartali ya faɗi tun farkon gasa ya yi asarar lokaci, yaron mai shekara 20 ya lashe, kuma har yau ba a sami wanda ya ci Giro da ƙarancin shekaru kamarsa ba. Bayan yaƙin duniya na biyu Coppi ya koma ƙungiyar Bianchi, Italiya ta rabu biyu a kansu. Bartali mutum ne mai riƙo da addinin Katolika, mutanen karkara suka ɗauke shi nasu, Coppi kuma aka riƙa ganinsa ɗan zamani. A gasar duniya ta 1948 a Valkenburg kowannensu ya tsaya gadin ɗan'uwansa har tsere ya kuɓuce musu, suka sauka daga keke, hukumar ƙasarsu ta dakatar da su.

Aikin sasanta su ya faɗa kan Alfredo Binda, tsohon zakara kuma mai kula da tawagar Italiya a Tour ta 1949. Sulhun ya yi aiki a Alps. Ranar 18 ga Yuli suka ɓalle tare a kan Izoard, Bartali ya ci zangon Briançon a ranar da ya cika shekara 35. Washegari a hanyar Aosta Bartali ya yi faci, aka ba Coppi izini ya wuce. Coppi ya zama mutum na farko da ya haɗa Giro da Tour a shekara ɗaya, Bartali ya zo na biyu. Akwai sanannen hoton 1952 da ke nuna su suna miƙa wa juna gorar ruwa a kan hawa. Wanda ya ba wani, magoya bayansu ba su taɓa daidaitawa ba.

Faransa ba ta yi sa'ar irin wannan sulhu ba a Tour ta 1959. Tawagarta ta tara Jacques Anquetil da Roger Rivière da Louison Bobet da Raphaël Géminiani, amma Federico Bahamontes na Sifaniya ya ci. An zargi Anquetil da Rivière da gwammace nasarar baƙo a kan ta Henry Anglade, Bafaranshen da ke wata tawagar yanki, kuma 'yan kallo sun yi musu ihu a Paris.

Madugu biyu a ƙungiya ɗaya

Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma babu inda wannan ya fito fili kamar ƙungiyar La Vie Claire ta attajiri Bernard Tapie. A 1985 Bernard Hinault yana neman Tour ɗinsa ta biyar, ya faɗi a Saint-Étienne ya karya hanci. A zangon Luz Ardiden ya gaza, yayin da Greg LeMond, Ba'amurken da ke ƙarƙashinsa, yake gaba tare da Stephen Roche. Daga mota aka hana LeMond haɗa ƙarfi da Roche. LeMond ya daɗe yana cewa an ɓoye masa gaskiyar tazarar da ke tsakaninsa da Hinault. Hinault ya ci da minti 1 da sakan 42, ya kuma yi alkawari a bainar jama'a cewa baɗi zai taimaki LeMond.

Da baɗin ta zo, Hinault ya kai hari a zangon Pau tare da Pedro Delgado, ya ba LeMond fiye da minti huɗu. Washegari ya sake ɓallewa tun daga nesa, ƙarfinsa ya ƙare a hawan Superbagnères, LeMond ya ci zangon da taimakon Andy Hampsten. LeMond ya karɓi rigar a Col du Granon, kashegari kuma suka hau lanƙwasa 21 na Alpe d'Huez su biyu, suka ƙetare layi hannu da hannu. Wannan hoto ya fi gaskiyar lamarin kyau, domin a ranar Hinault ya ce gasa ba ta ƙare ba, ƙungiyar kuma ta rabu, Faransawa a gefe guda, yawancin baƙi a ɗaya gefen. LeMond ya ci da minti 3 da sakan 10, Ba'amurke na farko. Hinault ya tsaya kan cewa hare-harensa don gajiyar da abokan hamayya ne. LeMond bai yarda ba.

Shekara ɗaya bayan haka Roche ya yi abin da ya fi wannan tsauri a Giro. Abokinsa a ƙungiyar Carrera, Roberto Visentini, shi ke riƙe da kambu kuma shi ke sanye da riga ruwan hoda ta jagoran Giro. A hanyar Sappada Roche ya ɓalle a gangara, ƙungiyarsa ta bi shi da gudu kamar baƙo, Visentini ya ƙone a hawan ƙarshe ya zubar da mintuna. A sauran kwanakin 'yan kallon Italiya suka riƙa tofa wa Roche yawu, Eddy Schepers kaɗai ya tsaya masa a ƙungiyar, sai Robert Millar na wata ƙungiya da ya riƙa kare masa gefe. Roche ya ci Giro da Tour da gasar duniya a 1987.

Irin wannan ya maimaitu sau da dama. A 2009 Alberto Contador da Lance Armstrong sun yi zaman doya da manja a ƙungiyar Astana. A 2012 Chris Froome ya ƙara wuta a La Toussuire ya bar madugunsa Bradley Wiggins mai rigar ɗorawa, aka kira shi ta oba-oba ya dakata. A Vuelta ta 2023 ƙungiyar Jumbo-Visma ta kwashe matsayi uku na farko, amma a Angliru Primož Roglič da Jonas Vingegaard suka bar hadiminsu Sepp Kuss, wanda ke jagorancin gasar, a ranar zagayowar haihuwarsa. Ya tsira da sakan 8. Bayan suka daga jama'a ƙungiyar ta tsaya a bayansa, ya ci, Roglič kuma ya bar ta a ƙarshen shekarar.

Jerin gwano da kwanton ɓauna

Dabarar da ta mamaye Tour daga ƙarshen shekarun 1990 ita ce jera hadimai a gaban ayari, kowa ya ja da gudun da ba ya barin kowa ya kai hari, idan ya ƙare ya kauce na bayansa ya karɓa. Ƙungiyar US Postal ta yi ta, ƙungiyar Sky ta inganta ta da na'urar auna ƙarfin ƙafa, ta ci Tour a 2012 da 2013 da kuma 2015 zuwa 2018, sannan a 2019 da sunan Ineos. Dabara ce mai ci, sai dai kallonta ba daɗi.

Maganinta shi ne a fara faɗa inda ba a zata ba. A Vuelta ta 2012 Contador ya kasa girgiza Joaquim Rodríguez, wanda ke jagorancin gasar, a manyan tsaunuka, sai ya tura abokansa gaba a zangon Fuente Dé mai sauƙin hawa, ya ɓalle kimanin kilomita 50 kafin ƙarshe, tsohon abokinsa Paolo Tiralongo na Astana ya ja masa. A Formigal a Vuelta ta 2016 Contador da Nairo Quintana suka kai hari tun kilomitocin farko na gajeren zango, hadiman Froome suka watse, ya yi asarar fiye da minti biyu da rabi. Sky da kanta ta yi irin wannan a Giro ta 2018, lokacin da ta ƙone mutanenta a gindin Colle delle Finestre, Froome ya tafi shi kaɗai kilomita 80.

Misalin da aka fi ambato a zamanin nan shi ne zango na 11 na Tour ta 2022. Tsakanin Télégraphe da Galibier, Roglič da Vingegaard na Jumbo-Visma suka riƙa kai wa Tadej Pogačar mai rigar ɗorawa hari bi da bi, shi kuma ya bi kowanne da kansa. A kan Granon, mai tsayin mita 2,413, ya rasa minti 2 da sakan 51 da kuma rigar. Nan madugu biyu sun yi amfani ne domin Roglič, da ya ji rauni tun makon farko, ya riga ya haƙura da nasa burin.

Ladabin da ba a rubuta ba

Al'ada ce kada a kai wa mai rigar jagora hari idan ya faɗi ko kekensa ya lalace. Eddy Merckx ya ƙi saka rigar washegarin faɗuwar mai ita, Luis Ocaña, a gangaren Col de Menté a 1971. Jan Ullrich ya jira Armstrong a Luz Ardiden a 2003, Vingegaard ya jira Pogačar a gangaren Spandelles a 2022. Contador bai jira ba da sarƙar Andy Schleck mai rigar ɗorawa ta zame a Port de Balès a 2010. Ya sami sakan 39, daidai tazarar da ya ci gasar da ita. Masu kare shi sun ce Schleck ne ya fara kai harin.

Gasar mata

An fara Tour de France Femmes a 2022. A 2024 Demi Vollering ta faɗi tana sanye da rigar ɗorawa, mafi yawan ƙungiyarta ba su jira ta ba, kuma duk da ta ci zangon Alpe d'Huez, Katarzyna Niewiadoma ta riga ta da sakan 4.

Taƙaddama

Oba-oba ta shigo tseren a farkon shekarun 1990. Wasu na cewa ta kashe basirar 'yan tsere, ƙungiyoyi na cewa tana kare rayuka. Ƙwayoyin ƙara kuzari sun gurɓata sakamakon zamani guda: an ƙwace nasarorin Armstrong bakwai na 1999 zuwa 2005 a 2012 ba tare da an ba kowa ba, a shekarar kuma aka ƙwace ta Contador ta 2010 aka ba Schleck.