Mene ne Firimiya, Kuma Ta Yaya Ake Gane Ko Kuɗin Inshorar Gida Ya Yi Daidai?

Firimiya ita ce kuɗin da mutum ke biyan kamfanin inshora, yawanci sau ɗaya a shekara, domin kamfanin ya ɗauki nauyin biyansa diyya idan gobara ta tashi a gidansa, ko ruwa ya ci shi, ko ɓarayi sun fasa sun kwashe kaya. A baki "kuɗin inshora" muke cewa, amma a ofishin kamfani da wajen dillali firimiya za ka ji ana kira. Ba ajiya ba ce. Idan shekara ta ƙare lafiya, kuɗin ya tafi ke nan, domin abin da ka saya shi ne alƙawarin diyya na tsawon wata goma sha biyu, kuma wa'adin ya cika.

Ba a kuma cin bashinta. A Najeriya dokar inshora ta 2003 ta tanadi cewa sai an biya kafin yarjejeniya ta fara aiki, hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, kuma ta tsananta aiwatar da hakan daga farkon 2013. A Nijar da Kamaru da Chadi, waɗanda ke bin kundin CIMA, wato dokar inshora ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, an yi irin wannan gyara tun 2011. Wanda ya karɓi takarda da niyyar zai biya ƙarshen wata, aka yi gobara a tsakiyar wata, babu abin da zai samu.

To, ta yaya ake samun adadin? Abu biyu ake haɗawa: darajar da ka rubuta cewa ita ce ta gidanka, da kason da kamfani ke karɓa a kan wannan daraja. A ɗauka, don misali kawai, kamfani na karɓar kobo 25 a kan kowace naira 100. Gidan da aka rubuta a kan naira miliyan 40 zai biya naira dubu 100 a shekara, wanda aka rubuta a kan miliyan 20 kuma dubu 50. Mutane kan zuba ido a kan wannan adadi na ƙarshe, su ce wancan kamfani ya fi sauƙi. Ni a ganina nan ne kuskuren yake. Adadin ƙarshe shi kaɗai ba ya faɗa maka komai, sai ka koma ka ga a kan wace daraja aka ɗora shi.

Darajar da ake nufi ba kuɗin da za a sayi gidan ba ce. Kuɗin da za a kashe a sake gina shi ne, tun daga kwashe ɓaraguzai har zuwa fenti, haɗe da ladan masu zane da injiniya. Bambancin yana da girma, domin fili ba ya ƙonewa. Gida a Nasarawa ta Kano ko Maitama ta Abuja, babban kaso na farashinsa na filin ne da unguwar. Mai irin wannan gida idan ya rubuta farashin kasuwa, yana biyan firimiya a kan ƙasar da wuta ba za ta taɓa ci ba, kuma ranar diyya ba za a ba shi fiye da asarar da ya yi ba. A ƙaramin gari kuwa abin kan juye: gidan da ba zai saidu a kan miliyan 15 ba, sake gina shi na iya cin miliyan 25, tunda siminti da rodi da kwano ba su san ƙauye ba.

Wannan na biyu ya fi haɗari, saboda wani sharaɗi da ke cikin kusan kowace takardar inshorar gobara, wanda 'yan harkar ke kira abareji. Ma'anarsa, idan ka rubuta daraja ƙasa da ta gaskiya, kamfani zai ɗauka kai ne ka riƙe nauyin ragowar, sai a raba asara tsakaninku daidai gwargwado. Mu koma kan gidan nan na miliyan 40 da mai shi ya rubuta miliyan 20 don ya rage kuɗi. Wuta ta tashi a kicin ta ci ɗakuna biyu, mai tantance asara ya zo ya ce gyara zai ci miliyan 10. Mai gida zai yi zaton ai miliyan 10 na cikin miliyan 20 ɗin da ya rubuta, saboda haka za a biya shi duka. Ba haka ba ne. Rabin darajar ya rubuta, rabin asarar za a biya: miliyan 5. Dubu 50 ɗin da ya tsira da ita a farkon shekara ta jawo masa giɓin miliyan 5. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma a nan ba kamfani ne ya cuce shi ba, sharaɗin na rubuce.

Abin takaicin shi ne mutum na iya faɗawa wannan rami ba da niyya ba. Buhun siminti da ake saye ƙasa da naira dubu 5 a farkon 2023 ya haura dubu 10 a wurare da dama a farkon 2024, bayan faɗuwar darajar naira. Duk wanda ya rubuta darajar gidansa kafin lokacin, yake kuma sabunta takarda kowace shekara a kan tsohon adadi, yana murna firimiyarsa ba ta ƙaru ba, alhali kariyarsa ce ke raguwa. Firimiyar da ta tsaya cik shekara uku a irin wannan hauhawar farashi abin zargi ce. Maganin shi ne a kira ƙwararren mai ƙiyasin kuɗin gini ya auna, ko aƙalla a tambayi ɗan kwangilar da ke aiki a unguwar nawa irin ginin ke ci yau.

Sai kason da kamfani ke karɓa. Shi wannan yana bin girman haɗari, kuma tsohon lissafi ne. Bayan gobarar Landan ta 1666 da ta cinye gidaje sama da dubu 13, kamfanin da Nicholas Barbon ya kafa wajen 1680 yana karɓar ninki biyu a kan gidan katako idan aka gwada da na bulo. Yau ma tambayoyin kusan su ne: da me aka yi ginin da rufin, yaya wayoyin wuta suke, akwai shago ko wurin ajiye fetur a jikin gidan, motar kashe gobara za ta iya shiga lungun, gidan yana kwari ko tudu. A kan wannan ake ɗora kuɗin gudanar da kamfani, da kamashon dillali, da abin da kamfanin ke biyan manyan kamfanonin da ke tsaya masa shi ma, irin su Africa Re mai hedikwata a Legas, sai riba. Idan maƙwabcinka na biyan ƙasa da kai, ba lallai an zalunce ka ba. Wataƙila shi ba shi da shagon cika tukunyar gas a ƙofar gida. Kuma ɓoye irin wannan don a rage kuɗi na ba kamfani damar ƙin biya gaba ɗaya.

Daga nan sai a duba me aka saya da kuɗin. Takardar gobara zalla ba ta biyan ambaliya, sai an ƙara ta cikin jerin haɗurran da aka amince. Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ko a Mokwa a Mayun 2025, ya san wannan layi ɗaya na iya zama shi ne dukan zancen. Tarzoma ma sau da yawa sai an ƙara ta daban, yaƙi kuwa a waje yake. Sata yawanci sai da alamar fasa ƙofa ko taga, don haka abin da ɗan gida ya ɗauke ba ya ciki. Akwai kuma adadin farko da mai gida ke ɗauka da kansa a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu. In an ɗaga shi firimiya na sauka, wanda ba laifi ba ne ga mai halin ɗaukar ƙananan asarori, muddin ya san da shi.

Kayan cikin gida lissafinsu daban, kuma ɗan haya su kaɗai yake buƙata, ginin na mai gida ne. Tambayar da ta fi muhimmanci a nan ita ce: sabo za a saya maka, ko za a cire kuɗin tsufa? Firjin da ya shekara shida, in aka cire tsufa, abin da zai rage ba zai sayi rabin sabo ba. Gwal ɗin uwargida, wanda a gidaje da yawa ya fi duk kujeru da gadaje daraja, galibi akwai iyakar da ake biya a kansa sai an rubuta shi da sunansa da ƙimarsa. Haka faifan sola da baturansa, gara a tambaya ko a gini aka lissafa su ko a kaya.

Masu gudun inshorar kasuwa saboda addini suna da takaful, wato inshorar taimakekeniya ta Musulunci. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwa ba ta halatta ba, ta taimakekeniya kuwa ta halatta, kuma tun 1979 aka kafa kamfanin farko na irin wannan a Sudan. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. A takaful gudummawa ake kiran kuɗin, ana zuba shi asusun mahalarta, kamfani ya ɗauki ladan wakilci, in an samu rara bayan biyan diyya ana iya raba ta. Amma lissafin darajar gida bai canza ba, shi ma sai ka rubuta daidai. Ƙarin tambayar da za ka yi musu ita ce kashi nawa ne ladan wakilcin, kuma yaushe rabon da su raba rara.

In za ka gwada farashi, ka ba kamfanoni uku daraja ɗaya da jerin haɗurra ɗaya da adadin farko ɗaya, ka ce kowa ya rubuto kasonsa. Ka tabbatar sunan kamfanin da na dillalin suna cikin masu lasisin NAICOM, wadda kuma ke da sashen karɓar ƙorafi idan an ƙi biyan diyya. Sannan ka ɗauki hoton kowane ɗaki da rasit ɗin manyan kaya, ka adana su a imel ko wajen wani ɗan'uwa, ba a cikin gidan ba, domin su mai tantance asara zai fara nema.