Hawan dutse da kallon namun daji a Jos: tambayoyi da amsoshi

Mutane da yawa sun girma a Jos, kullum suna hango duwatsu daga ƙofar gida, amma ba su taɓa taka ko ɗaya ba. Ga amsoshin tambayoyin da mai niyyar zuwa ya fi yi.

Ina ake zuwa?

Wurare uku ne a kusa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Na farko shi ne gandun namun daji na Jos, wanda ake kira Wildlife Park, da aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8. Na biyu duwatsun Shere, wajen kilomita 10 gabas da gari, inda ƙololuwa mafi tsawo ta kai kimanin mita 1,829 daga matakin teku. Garin Jos kansa yana kan mita 1,200 da ɗoriya ne, don haka hawan ba wasa ba ne. Na uku dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga gari. Ƙaramin daji ne, hekta 300 ko kusa da haka, amma a ganina shi ya fi cancanta a ba shi safiya guda.

Zan ga zaki da kura suna yawo?

A'a. Manyan dabbobin da aka san gandun Jos da su, irin su zaki da kura da jimina da kada, a killace suke. Idan yara za ka kai su ga dabba da idonsu, can ne wurin zuwa.

Dabbobin da ke zaune a dutse da 'yancinsu ƙanana ne, kuma masu tsoro. Akwai rema, wadda kan fito bisa fa tana shan hantsi, da ta ji motsi ta faɗa kogo. Akwai birai, da kazar dutse wadda sau da yawa kukanta za ka ji kafin ka gan ta, da ƙadangaru iri-iri. Wanda ya zo da surutu da waƙa a waya zai sauko ya ce babu komai a dutsen, alhali shi ya kore su tun yana gindi.

Me ya sa ake ta zancen tsuntsayen Amurum?

Saboda an ƙirga nau'in tsuntsaye sama da 300 a wannan ɗan wuri. Dalili kuwa shi ne dajin ya haɗa yanayi uku: duwatsu masu tsirrai a tsakaninsu, fili mai ciyawa da gajerun itatuwa, da kurmi mai duhuwa a bakin rafuka. Kowane yanayi da tsuntsayensa.

Akwai wani ɗan jan tsuntsu, bai kai tafin hannu ba, mai zama cikin ciyawar da ke tsakanin duwatsu. Masana ba su bayyana shi a matsayin nau'i mai zaman kansa ba sai a 1998, kuma a ƙasar Jos aka gano shi. Abin mamakin shi ne yana da wani maƙwabci, baƙin tsuntsu mai ƙyalli, wanda ba ya saƙa sheƙa. Macensa takan saci jiki ta saka ƙwai a sheƙar jan tsuntsun, shi kuma ya ƙyanƙyashe ya ciyar. Ɗan da aka reno haka yakan tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya rene shi, kuma ta wannan kukan ne masu bincike suka bi sawu har suka gane jan tsuntsun. Mutane na tasowa daga Turai don ganin waɗannan biyun, mu kuwa suna bayan gidanmu.

A cikin dajin ne cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda ɗalibai daga ƙasashen Afirka ke karatun digiri na biyu kan kare halittu. Wurin aiki ne, saboda haka a nemi izini kafin a shiga.

Wane lokaci ya fi?

A shekara, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa na nan kore, hazo bai rufe sama ba. Disamba da Janairu ma ana hawa, sai dai sanyin Jos na asuba sai da rigar sanyi mai kauri, kuma hazo kan hana hangen nesa. Yuli da Agusta a haƙura: jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi, ga tsawa, kuma bisa fa babu wurin fakewa.

A yini kuwa, a fita da an idar da sallar asuba. Tsuntsaye sun fi motsi kafin hantsi ya yi zafi. A tsara yadda za a sauko kafin la'asar.

Dole ne in ɗauki ɗan jagora?

E, musamman a Shere. Duwatsun kama suke da juna, hanyar da ka bi ka hau takan ɓace maka wajen saukowa. Sannan ƙasar tana da masu ita. Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, su ne mazauna yankin, gonakinsu na gindin duwatsun, kuma akwai wuraren da suke girmamawa bisa al'adarsu. Ka yi sallama, ka gabatar da kanka ga mai unguwa, ka ɗauki ɗan gari ka biya shi haƙƙinsa. Shi ne kuma zai gaya maka halin tsaro na ranar. Idan ya ce kada a bi wani ɓangare, kada a yi gardama. A tafi a ƙungiya, a sanar da gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Me zan riƙe?

Takalmi mai kama ƙasa, ba silifas ba. Ruwa mai yawa, har da na alwala. Ɗan abin taɓawa kamar dabino ko gyaɗa, da hula, da tufa mara hasken launi. Mai madubin hangen nesa ya zo da shi.

Akwai haɗarin da ba a cika faɗa ba?

Kada ka zura hannu a tsagar dutse, maciji na fakewa ciki. Shingen kyarana da ke kewaye da gonaki yana da farin ruwa mai ƙuna, idan ya shiga ido wahala ce babba, a ja wa yara kunne. Mafi muni su ne kududdufan da haƙar kuza ta bari a faɗin Filato. Ruwansu a kwance yake gwanin sha'awa, amma ramuka ne masu zurfi da gefe a tsaye, kuma sun ci rayuka. Komai zafin rana kada a shiga wanka.

Ni baƙo me ake so in kiyaye?

Kada a jefa wa birai abinci, yana koya musu bin mutane da shiga gonaki. A bar danƙo a gida. Da rani kada a kunna wuta ko a yar da guntun sigari, domin busasshiyar ciyawar nan ita ce abinci da maɓoyar jan tsuntsun da muka ambata, kuma gobara ɗaya ta isa ta cinye gefen dutse. Ledar ruwa da robar lemo, wanda ya hau da su ya sauko da su.